Waliyyin 'Yar Ciyaman

A wani gari na bakin titi, irin garuruwan da manyan motoci ke tsayawa ranar kasuwa su yi lodin masara da waken suya, akwai wani tsohon hedimasta. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki, har ya zama da wuya ka sami magidanci a garin wanda bai taɓa tsayawa gabansa ya haɗa baƙi ba. Sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane, Hedimasta kawai ake ce masa.

Mutum biyu ne a gidansa labarin nan ya shafa. Na farko ɗan ƙaninsa ne, wanda ya tashi maraya a hannunsa, ya yi karatu, ya yi sana'ar taki, daga baya ya shiga siyasa. Mutumin kirki ne, kuma ina so a riƙe wannan tun daga farko. Da kuɗin aljihunsa yake gyara famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu duk lokacin da ya lalace, in kuma aka ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare, galibi a motarsa ne. Ta biyu ita ce autar Hedimasta. Ta gama kwalejin horon malamai, aiki bai samu ba, sai ta shiga wata ƙaramar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da ke babban birnin jihar. Yawancin aikinsu bin kadin mutanen da aka tsare ba a kai su kotu ba, da matan da aka saka aka bar su da yara babu ciyarwa. Da aka sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi, sai ƙungiyar ta ce za ta tura 'ya'yanta su sa ido. Ba su da yawan da za su cika ko rabin rumfunan ƙaramar hukuma ɗaya, don haka kowa aka ce ya tsaya a garinsu, ya biya wa kansa kuɗin mota. A wannan zaɓen ne ɗan'uwan nata ya tsaya takarar ciyaman a jam'iyyar gwamna.

Ranar Asabar ɗin, tun kafin bakwai da rabi Auta tana makarantar firamaren da mahaifinta ya shugabanta, don a nan rumfar unguwarsu take, gindin wata darbejiya. Katin shaidar mai sa ido da hukumar zaɓen jiha ta yi musu alkawari bai fito ba. An yi ta ce musu gobe, jibi, har daren Juma'a ya wuce. Abin da ke hannunta shi ne wasiƙar ƙungiya, da wayarta, da biro, da takardar tambayoyi.

Tambayoyin ba su da wuya. Ƙarfe nawa malaman zaɓe suka iso? An ɗaga akwati an nuna wa jama'a babu komai a ciki kafin a rufe? Akwai rajistar masu zaɓe? Wakilan jam'iyyu nawa ne a wurin? An ƙirga ƙuri'u a gaban mutane? An rubuta sakamako, wakilai sun sa hannu, an manna kwafi a bango? Ƙa'idar aikin kuma a bayyane take: mai sa ido ba ya taɓa akwati, ba ya nuna wa kowa inda zai dangwala, ba ya shiga gardama. Nasa ya gani, ya duba agogo, ya rubuta.

Mutane sun fito. Tsofaffin mata sun zo da katin zaɓe ƙulle a gefen zane, magidanta suka jingina kekuna da babura a jikin aji. Kaka ce, gero na jiran yanka, amma suka zauna. Tara ta yi, goma ta yi, rana ta take. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa miƙewa suna karkaɗe riga suna kama hanyar gona. Sai bayan azahar wata bas ta tsaya, samari biyu suka sauko da akwati da ƴan takardun ƙuri'a. Auta ta gaishe su ta tambayi takardar rubuta sakamako, suka ce tana sakatariya. Waɗanda suka rage suka dangwala, ba a duba sunan kowa a rajista ba. Kafin la'asar aka ɗauki akwatin aka mayar cikin bas ba tare da an buɗe shi ba. Wani saurayi mai gora ya matso ya ce mata, "Hajiya, a kashe wayar nan." Ta kashe, ta rubuta lokacin da ya faɗa.

Ba a yi sallar isha ba sai ga sanarwa a rediyo. Jam'iyyar gwamna ta lashe kujerun ciyamomi duka, da na kansiloli duka. Aka karanto wa ɗan'uwanta dubban ƙuri'u, har da kason mazaɓarsu.

Wanda bai san yadda aka gina abin ba zai ɗauka ɓarnar samarin bas ce. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu 774 ne. Amma ban da na Abuja, ba hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke shirya zaɓensu ba. Kowace jiha tana da tata hukumar, gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince, kuɗin aikinta kuma daga gwamnatin jihar yake fitowa. Shekaru da dama wasu gwamnoni ma ba sa wahalar da kansu da zaɓen, kantomomi suke naɗawa, kuɗin ƙananan hukumomi kuma ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma wadda ke hannun kantoma ba ta da haƙƙin karɓa. Nan da nan jihohin da suka daɗe ba su yi zaɓe ba suka shiga rige-rigen sa rana. Irin wannan Asabar ce Auta ta zauna gindin darbejiya.

Ranar Litinin aka rantsar da Ciyaman. Ranar Talata labari ya iske shi cewa ƙungiyar su Auta ta haɗa abin da 'ya'yanta suka gani, za ta kira ƴan jarida ranar Alhamis, kuma rumfar unguwarsu tana ciki. Da daddare ya zo gidan baffansa, ya bar ƴan rakiya a waje, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Bayan gaisuwa ya ce, "Baffa, magana biyu ce ta kawo ni. Ta farko, ɗaurin auren jikarka ya matso, kuma kai ne waliyyi, babu wani. Ta biyu, maganar Auta ce. A ja mata kunne. Abin da za su karanta ranar Alhamis da ni za a yi wa dariya, kuma gidan nan za a nuna da baki."

Hedimasta ya ce, "Ƙarya ta rubuta?"

"Ban ce ƙarya ba ce, Baffa. Amma ina ne ba haka ake yi ba? A Kano, watan Oktoban 2024, NNPP ta kwashe ƙananan hukumomi 44 da kansiloli 484. A Kaduna cikin watan nan dai APC ta kwashe 23. A Bauchi PDP ta kwashe 20, a Anambra APGA ta kwashe 21. Kanon ma, a 2018 da 2021 APC ce ta kwashe 44 ɗin, lokacin ita ke da gwamna. Kowa a gidansa haka yake yi. Me ya sa sai a kaina za a fara wa'azi?"

Tsohon bai amsa wannan ba. Ya aika a kira Auta, ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ya amsa a daƙile. Sai Hedimasta ya gyara zama ya ce zai ba su wani labari, tunda dare bai yi nisa ba.

Ya ce, "A 1998 ina tsakiyar aiki. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, Janar Abdulsalami ya hau, aka fara buɗe gidajen yari ana sakin mutane. Aka kafa INEC, aka ba Mai shari'a Ephraim Akpata. Zaɓen farko da aka sa shi ne na ƙananan hukumomi, 5 ga Disamba, kuma zaɓe ne mai nauyi, don ƙungiyoyin siyasa tara aka ba rajistar wucin gadi, aka ce da sakamakon ranar za a tace waɗanda za su rayu. To, mutanen nan na kare haƙƙin ɗan Adam, waɗanda jiya-jiya ake farautarsu, wasunsu ma ba su daɗe da fitowa daga tsare ba, sai suka haɗa kai suka kafa gamayyar da ake kira TMG, Clement Nwankwo yana cikin jagororinta. Suka ce ba za su bar soja ya shirya zaɓe shi kaɗai ya kuma ba kansa maki ba. Suka bazama neman malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da duk wanda zai iya cike takarda da gaskiya. Haka aka zo har garin nan aka same ni."

Auta ta ɗago kai, don ba ta taɓa jin wannan ba.

"Ƙauye aka tura ni, a kan keke. Da safe aka tantance mutane, aka yi layi, aka jefa ƙuri'a, aka zazzage akwati a kan tabarma ana ɗagawa ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa da ƙarfi, yara suna amsawa. Wanda ya ci a rumfar ba wanda nake so ba ne. Na rubuta, na sa hannu. Dagacin ƙauyen ya so a ƙara wa nasa ɗan takarar, ya zo ya tsaya a kaina, ya ga ina rubutu, ya tambaye ni ina takardar za ta. Na ce Legas. Ya juya ya tafi. Ban fi shi ƙarfi ba, ban da ɗan sanda, ban da ko sanda. Abin da ya kore shi kawai ya san wani ya gani."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ci gaba. "Kada ku ɗauka ina ce muku zaɓukan lokacin wankakku ne. Da aka zo na shugaban ƙasa a Fabrairun 1999, masu sa ido sun ga ɓarna mai yawa, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya ce yawan mutanen da suka gani a rumfuna bai yi daidai da alƙaluman da aka bayyana daga wasu jihohi ba. Amma dalilin da ya sa muka san an yi ɓarnar shi ne an bar mutane sun tsaya sun gani. Kuma a zaɓen Disamban nan jam'iyya ɗaya ba ta kwashe ƙasa ba. PDP ta ci fiye da rabi, APP ta ci nata, AD ta riƙe ƙasar Yarabawa. Gwamnatin soja ce fa, ɗana."

Ciyaman ya ce, "Zamani ya canja, Baffa."

Auta ta ce, "Baba, in ƙara wani abu?" Ya ɗaga mata kai. "Yaya, a Abuja INEC ce ke yin na ƙananan hukumomi shida. A Fabrairun 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku, alhali APC ke mulkin ƙasa. A Kaduna ma, da aka gwada na'urar jefa ƙuri'a a 2018, ƴan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. Mutanen dai su ne, ba a sauya su ba."

Ban ga laifin Auta ba da ta tsaya a nan, amma akwai abin da ya kamata a ƙara, kuma ba Ciyaman ya shafa ba. Ƙasar nan ta iya sa ido in ta ga dama. A 2011 ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da hukumar adalci da zaman lafiya ta cocin Katolika, da ƙungiyar lauyoyi, da TMG, sun haɗu sun baza mutane a zaɓaɓɓun rumfuna a faɗin ƙasa, kowa ya turo sakamakon rumfarsa ta saƙon waya, aka haɗa aka gwada da abin da INEC ta bayyana. Ƙungiyar Yiaga Africa tana yin irin wannan a zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni. Baƙi daga Tarayyar Turai da ECOWAS suna cika otal-otal na Abuja duk bayan shekara huɗu. Amma ranar da za a zaɓi wanda asibitin sha-ka-tafi da kasuwar ƙauye da kwalbatin unguwa ke hannunsa, masu ba da tallafi ba su cika buɗe jaka ba, kyamarori kuma ba sa zuwa. Sai a bar yarinya ɗaya da biro, da kuɗin motar da ta ranta, a gaban saurayi mai gora. Wannan yana ci mini rai, domin talakan ƙauye zai iya mutuwa bai ga gwamna ido da ido ba, amma kansila maƙwabcinsa ne.

Hedimasta ya ce, "To, mu bar wannan, mu koma maganar aure. Na karɓi waliccin. Amma ga yadda nake so a yi. Tsufa ya kama ni, ba na son hayaniya. Ranar Juma'ar, ba sai an je masallaci ba. Ni da kai za mu shiga ɗakin nan mu rufe ƙofa. Ni ne waliyyin amarya, ni zan tsaya wakilin ango, ni zan faɗi sadaki in kuma ce na karɓa. Dangin ango su zauna a gida, kada su wahala. Liman ma a bar shi ya huta. In mun gama sai ka aika gidan rediyo a sanar an ɗaura, a faɗi yawan mutanen da suka halarta, ko dubu nawa kake so."

Ciyaman ya zuba masa ido, yana neman alamar wasa a fuskarsa, bai gani ba.

"Haba Baffa! Wannan ai ba aure ba ne."

"Me ya rage? Yarinya tana son yaron, yaron yana sonta. Kai ka yarda, ni na yarda. Ko an tara garin nan kaf, shi ɗin dai za a ba."

"Shaidu fa, Baffa? Kai ka karantar da mu a zauren nan cewa sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai. Ka ce ko an ɗaura babu su, amarya ba ta tarewa sai an kafa su. Gobe in wani ya tashi ya ce 'yata zaman kanta take yi a gidan mutum, wa zan kira? Abin da ta haifa kuma da wane suna za a kira shi a gari?"

Hedimasta ya ce, "Ashe kana tune." Ya jawo butarsa ya miƙe, ya ce dare ya yi, zai yi shafa'i da wutiri. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "A masallaci za a ɗaura, in Allah ya kai mu. Ka gayyaci kowa, har waɗanda ba sa ƙaunarka. Ka sa su a sahun gaba inda za su ji da kyau."

Aka bar su biyu a zaure. Ciyaman ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ce, "Karanta mini abin da kika rubuta a kan rumfarmu."

Ta buɗe takardar ta karanta masa kamar yadda yake: lokacin da ta isa, lokacin da bas ta zo, babu takardar sakamako, ba a duba rajista ba, ba a ƙirga ba, lokacin da aka ce ta kashe waya. Babu sunansa a ciki, babu zagi, babu ko kalma ɗaya ta ra'ayinta.

Ya ce, "Auta, kin san da an yi zaɓen nan tsakani da Allah, ni zan ci garin nan."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Matan da suka zauna tun safe, yawancinsu kai suka zo zaɓa, da bakinsu suke faɗa. Da an ƙirga, da hannuna zan rubuta ka ci, in sa hannu, duk wanda ya musa in nuna masa. Yanzu ko ni ƙanwarka ba ni da abin da zan nuna. Su ma an hana su su ce su suka ɗora ka, shi ya sa gobe in sun zo ofishinka roƙo za su zo yi. Wanda ya rubuta sunanka kuwa, ranar da ya ga dama zai iya gogewa, kuma babu wanda zai fito titi saboda kai."

Bai ce mata ta janye ba, bai kuma ce ta ci gaba ba. Ya sa takalminsa ya fita, aka ji motoci sun tashi.

Ranar Alhamis ƙungiyar ta karanta rahotonta a wani ƙaramin ɗaki. Ƴan jarida kaɗan ne suka zo, gidan rediyo ɗaya mai zaman kansa ya sa labarin a taƙaice, kakakin hukumar zaɓen jihar kuma ya ce ba su san da wata ƙungiya mai wannan suna cikin waɗanda suka tantance ba. Ciyaman bai sauka daga kujera ba. An ɗaura auren a masallacin Juma'a, ya cika har waje, Hedimasta ya ba da, wakilin ango ya karɓa, maroƙi ya maimaita sadaki da ƙarfi har sau uku.

Mako biyu bayan biki, ƙungiyar ta rubuta wa hukumar zaɓen takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, tana neman kwafin sakamakon zaɓen rumfa-rumfa na ƙaramar hukumar, da sunayen malaman zaɓen da suka sa hannu. Dokar ta ba da kwana bakwai a amsa. Auta ce ta kai takardar, ta tsaya sai da aka buga mata hatimin karɓa a kan kwafinta. Da kwana bakwai suka cika ta koma, aka ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya yi tafiya. Lauyan ƙungiyar ya ce ta kawo masa kwafin mai hatimi da takardar da ta cike ranar zaɓe, zai shigar da ƙara a babbar kotun jiha, kuma zai buƙaci mutum biyu daga cikin waɗanda suka zauna gindin darbejiya su yi rantsuwa a kan abin da suka gani. Ta dawo gari ta fara bi gida-gida. A gida na huɗu wata tsohuwa ta ce a rubuta sunanta, ta kuma aika jikanta ya kira mata maƙwabciyarta.